TABAR WIWI DA ƘANANAN YARA: TA INA ƁARAKA KE FARAWA?

Darasin rediyo na yaƙi da jahilci, domin iyaye da malamai da masu unguwa

Mutanen Maraɗi da Damagaram, mutanen Tawa da Doso da Yamai, na birni da na ƙauye, barkanku da war haka. Gaisuwa ta musamman ga ɗalibanmu na yaƙi da jahilci da ke zaune gewaye da akwatin rediyo tare da malamansu. Wanda ke da alli ko fensir ya riƙe shi kusa, domin akwai tambayoyi a ƙarshe.

Darasinmu na yau a kan tabar wiwi ne. Manyan mashaya mun ajiye maganarsu sai wani lokaci. Yau yara za mu duba, ƴan shekara 10 zuwa 15, waɗanda ko gashin baki bai fara tsiro musu ba. Mene ne ke sa yaro ƙarami ya fara shan wiwi? Me ya sa wannan ya faɗa, ɗan maƙwabcinsa kuwa ya tsira?

ABIN DA YA SA NA ZAƁI WANNAN DARASI

A ajin da na ke koyarwa da dare akwai wata mata mai tuyar ƙosai. Ta girme ni ƙwarai, Inna na ke ce mata. Wata rana aka tashi, kowa ya tafi, ita ta tsaya. Ta kwance bakin zanenta ta nuna mini wata ƴar takarda a nannaɗe, da busasshen ganye a ciki. Ta ce a aljihun wandon ɗanta ta same ta wajen wanki. Shekarar yaron 12.

Ta ce, "Malam, wa ya yi mini wannan aiki? Ko sammu aka yi masa?"

Na ce, "Inna, zauna mu bi sawu." Muka koma baya shekara-shekara, ina tambaya tana ba ni amsa. Uban yaron ya tafi ci-rani tun yaron yana da shekara 7, aike sai jefi-jefi. Yana shekara 9, ƙanen uban da ke zaune a gidan ya kan aike shi sayen sigari, ya ce ya kunno masa ita a murhu. Yana shekara 10 ya maimaita aji a lakwal, ƴan ajinsu suka yi ta yi masa dariya. Yana shekara 11 ya daina zuwa, ya koma tasha yana dako. Ɗaki ya yi musu kaɗan, sai ya koma kwana a shagon samarin unguwa, waɗanda ƙaraminsu ya ba shi shekara 6. Ita kuwa tun asuba tana bakin kasko, kuma da magariba ta sake dasa wani.

Da muka gama ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe shekara 5 abin nan ke tahowa, ni ban gani ba."

Darasinmu ke nan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaro ba ya kwana lafiya ya tashi mashayi. Akwai tsaga, ana iya ganinta tun da wuri, kuma mafi yawanta a hannun manya ta ke.

MECE CE WIWI, KUMA DON ME SHEKARU KE DA MUHIMMANCI?

Wiwi wani tsiro ne mai kama da rama. Ana busar da ganyensa da furensa a nannaɗe a sha kamar taba. A cikinsa akwai wani sinadari da likitoci ke kira THC, wanda aka gano siffarsa a 1964. Shi ke sa maye. In an zuƙi hayaƙin, sinadarin ya kan bi huhu ya shiga jini, cikin ƴan mintoci ya isa ƙwaƙwalwa. A can ya ke taɓa wuraren da ke kula da tunawa, da natsuwa, da auna abu kafin a aikata shi.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙiyasta mutum miliyan 244 ne suka sha wiwi a duniya cikin 2023. Duk cikin kayan mayen da hukumomi ke sa wa ido, babu wanda a ke sha kamarta.

To, ku lura da wannan. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Gaban ƙwaƙwalwa, watau wurin da ke ce wa mutum "dakata, yi tunani", shi ne na ƙarshen nuna. Yaro ɗan shekara 12 ginin laka ne da bai bushe ba. Abin da ka danna masa, alamarsa za ta zauna.

Likitoci sun auna wannan. Cikin mutum 10 da suka taɓa shan wiwi, wajen 1 ne ta kan kama har ya kasa bari. Amma cikin waɗanda suka fara tun suna matasa, 1 ne cikin 6. A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan, masana sun ɗauki jarirai 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, suka yi ta bin rayuwarsu har suka manyanta. Sun ga waɗanda suka fara wiwi tun suna shekara 15 ko ƙasa sun fi sauran yawan samun taɓin hankali kafin su kai 26. Da suka kai 38 kuma, waɗanda suka fara da ƙuruciya suka daɗe suna sha sun nuna raguwar kaifin basira, abin da ba a gani ba ga waɗanda suka fara bayan sun girma. Masana suna gardama a kan ko wiwi kaɗai ce ta jawo haka, ko talauci da wasu wahaloli sun sa hannu. Amma sun haɗu a kan abu ɗaya: fara sha da wuri ya fi fara sha a makare haɗari. Kowace shekara da yaro ya ƙara bai taɓa ta ba, riba ce.

Mu kuwa a Nijar kusan rabin mutanen ƙasa ba su kai shekara 15 ba. Don haka maganar ta shafi kowane gida.

Yanzu bari mu bi tsagogin ɗaya bayan ɗaya. Guda 6 ne.

1. ABIN DA YARO KE GANI A GIDA

Yaro da ido ya ke koyo kafin kunne. In uba ko kawu ko wa yana shan wiwi, ko giya, ko ƙwaya irin su tramol, yaro ya kan ɗauka wannan shi ne alamar girma. Wa ya fi kowa tasiri a nan, domin ƙane kullum so ya ke ya zama kamar wansa.

Har wa yau akwai taba sigari. Binciken ƙasashe da yawa ya nuna galibin yaran da suka fara wiwi da wuri, sigari suka fara sha. Dalili a fili ya ke. Wanda ya saba da zuƙar hayaƙi, tari ya daina kama shi, ya iya ɓoye wari, ya san inda a ke laɓewa, rabin tafiya ya riga ya yi. A garuruwanmu mai tebur yana sayar da sigari kara ɗaya-ɗaya, kuɗin da yaro ke samu a aike ya isa. Dokar yaƙi da taba ta 2006 ta hana sayar wa yara ƙanana taba a ƙasarmu. Amma mu da kanmu mu ke aiken su. Mai tebur ba shi da hanyar sanin ko ta uba ce ko ta ɗa. Wanda ya ce wa yaro "kunno mini", shi ya ba shi zuƙar farko.

2. RASHIN SA IDO

In aka tambayi masu binciken wannan al'amari abin da ya fi kare yaro, amsar da ta fi yawan fitowa ita ce iyaye su san inda ya ke, da wanda ya ke tare da shi, da abin da ya ke yi. Ku gwada kanku yau da dare. Bayan sallar lisha, ina ɗanka ɗan shekara 12? Ka san sunayen abokansa 3? Ka san ɗakin da ya ke kwana, da wanda ya fi kowa girma a ɗakin?

Mun saba kulle ɗiya mace mu saki ɗa namiji, mu ce ai namiji ne. Wannan yana cikin dalilan da suka sa yara maza suka fi faɗawa. Amma yarinyar da ke yawon talla a tasha har dare, ita ma tana kan hanya.

Rashin sa ido ba kullum sakaci ba ne. Uba ya tafi ci-rani, uwa tana neman abin sa wa a tukunya. Aure ya mutu, yaro yau yana wajen kaka, gobe yana wajen gwaggo, kowa yana zaton wani ne ke kula da shi. Ko an tura shi karatun allo wani gari mai nisa ba guzuri, malami ɗaya da yara da yawa, da an tashi karatu sai yawon neman abinci. Karatun ba shi da laifi. Yunwa da sake su ne ɓarakar.

3. WAHALAR DA YARO YA SHA, DA HALIN DA AKA HAIFE SHI DA SHI

Tsakanin 1995 da 1997 an yi wani babban bincike a Kalifoniya ta ƙasar Amurka. An tambayi dubban manya irin wahalar da suka sha suna yara: duka mai tsanani, zagi da wulakanci, fyaɗe, rashin kulawa, ganin ana dukan uwa, rabuwar iyaye, zama da mashayi ko mai taɓin hankali, ko ɗaure wani na gida a kurkuku. Aka ga kowace wahala ɗaya tana ninka yiwuwar fara shan kayan maye tun yaro bai wuce shekara 14 ba, sau 2 zuwa sau 4.

Ma'anar wannan ita ce, yaro da yawa ba daɗi ya ke nema a wiwi ba. Mantuwa ya ke nema. Wanda kullum cikin tsoro ya ke kwana, in aka ba shi abin da zai kwantar masa da zuciya na awa 2, zai koma. Saboda haka uban da ke zaton bulala ita ce rigakafi, ya yi hankali. Duka ba ji ba gani yana korar yaro daga gida, ya kai shi hannun waɗanda za su karɓe shi da fara'a.

Sa'an nan akwai halitta. Ku iyaye kun sani, ciki ɗaya ya kan haifi mai sanyi da mai zafi. Wani yaro tun yana ƙarami ba ya iya zama wuri ɗaya, ba ya jiran layi, abin da ya zo masa a rai shi ya ke yi, ga son abin kasada. Wani kuma ga faɗa da ƙarya da ɗauke-ɗauke tun yana shekara 6 ko 7. Likitoci sun tabbatar irin waɗannan yara sun fi saurin gwada kayan maye. Haka kuma yaron da jikinsa ya girma da wuri, domin samari su kan ɗauke shi sa'ansu alhali hankalinsa na yaro ne. Irin wannan yaro ba la'ananne ba ne. Ya fi sauran bukatar a ja shi a jiki, a ba shi aikin da zai ci ƙarfinsa. In kullum ana ce masa ɗan iska, wata rana zai yarda.

4. BARIN MAKARANTA DA AIKIN WAHALA

Makaranta, ko ta boko ko ta allo mai tsari, tana riƙe yaro awoyi da yawa a gaban babba. Tana kuma ba shi abin da zai sa rai a kai. Yaron da ya fara faɗuwa jarrabawa, ya maimaita aji, ya fara fashi, tsaga ta buɗe. Mu malamai mu faɗa wa kanmu gaskiya: fashin yaro na kwana 3 a jere saƙo ne, ya kamata iyaye su ji shi a makon, kada a bari sai ƙarshen shekara. Uban da bai iya karatu ba yana iya zuwa ya tambayi mushe da baki. Wanda kuwa ke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ya buɗe littafin ɗansa ya duba kwanan wata na ƙarshe da aka yi rubutu a ciki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna masa ko yaron yana zuwa.

In yaro ya bar makaranta, ina ya ke zuwa? Tasha, kasuwa, turin kura, dako, yaron mota, ko ramin zinariya. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari da yawa sun bar garuruwansu sun nufi wuraren haƙa, har da waɗanda ba su balaga ba. A irin waɗannan wurare abu 3 ke haɗuwa: aiki ya fi ƙarfin jiki, kuɗi a hannu ba mai tambaya, da manya da ke cewa "sha wannan, gajiya za ta tafi". Ƙarya ce. Wiwi ba ta ƙara ƙarfi. Tana dai rage jin gajiya na ɗan lokaci, tana rage saurin hannu da ido, shi ya sa mai aiki da mota ko babur ko cikin rami ya fi shiga haɗari in ya sha.

5. ABOKAI

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da wuya yaro ya sayi wiwin farko da kuɗinsa. Kyauta a ke ba shi, kuma wanda ya sani ne ke ba shi. Babu abin da ke nuna yaro zai sha kamar a ce abokansa suna sha.

Amma a nan ma sai mu bi sawu. Yaya aka yi ya samu waɗannan abokai? Yaron da gida ya yi masa zafi, makaranta ta kore shi, shi ke neman inda za a kira sunansa da daɗi. Abin da ya fi haɗari shi ne ƙaramin yaro cikin manyan samari. Fada ba laifi ba ce. Fadoji da yawa suna gyaran unguwa, suna gadin dare, suna taimakon juna a biki da rasuwa. Sai dai fadar ƴan shekara 20 ba wurin ɗan shekara 11 ba ce. Shi a ke sa wa hura gawayin shayi, shi a ke aika, kuma in akwai mai sha a cikinsu, shi a ke aika sayowa domin ba a zargin yaro. Daga aike sai ɗanɗano.

6. SAMUWARTA A KUSA, DA MAGANAR DA A KE YI A KANTA

Abin da babu shi, ba a shan shi. Ƙasarmu tana kan hanyar fatake tsakanin bakin teku da arewacin Afirka. A watan Maris na 2021, hukumar OCRTIS ta ƴan sanda mai yaƙi da fataucin ƙwayoyi ta kama tan 17 na ƙaron wiwi a wani sito a Yamai. Kayan daga Labanon suka fito, suka sauka tashar jirgin ruwa ta Lome, za a wuce da su Libiya. Ganyen kuma ana noma shi a ƙasashen kudu da mu. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi miliyan 10.6 a can, iyakarmu da su kuwa wajen kilomita 1,500 ce, kullum ana shiga ana fita. Doka mai lamba 99-42 ta ran 23 ga Satumba 1999 ta hana nomanta da sayar da ita da shan ta a Nijar. Amma jandarma da ɗan duwan ba za su tsaya a kowane kango ba. Unguwar da kowa ya san mai sayarwa aka yi shiru, yaranta suna cikin haɗari.

Magana ma tsaga ce. Yaro yana jin ana cewa ai ganye ne, Allah ya halicce shi, yana buɗe basira, yana sa cin abinci. Yana ganin mawaƙa a salula suna busa hayaƙi. Yana jin wai Turawa sun halatta. An lura cewa duk lokacin da yara suka daina ganin abu da haɗari, shansa ya kan ƙaru. To, ga amsar da za ku ba su. Gaskiya ne Urugwai ta halatta wa manya a 2013, Kanada kuma a 2018. Amma a ƙasashen nan duka an hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, domin likitocinsu sun san abin da ta ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Kuma wiwin yau ba ta jiya ba ce. A Amurka an auna wadda ƴan sanda ke kamawa: a 1995 ƙarfin THC wajen kashi 4 cikin 100 ne, a 2014 ya kai wajen kashi 12. Zaƙami ma ganye ne, amma ba mai ba ɗansa.

TSAGA ƊAYA BA TA KADA BANGO

Kada wani ya ji wannan darasi ya ce shi ke nan, ɗana maraya ne, ya lalace. A'a. Yara da yawa suna da tsaga ɗaya ko biyu, kuma ba su taɓa sha ba har girmansu. Haɗarin yana ƙaruwa ne in tsagogin sun taru, kamar yadda suka taru a kan ɗan Inna. Haka kuma gidan wadata bai tsira ba. Yaron da a ke cika wa aljihu da kuɗi ba mai tambayarsa inda ya kwana, shi ma bangonsa a tsage ya ke. Amfanin sanin waɗannan abubuwa shi ne a toshe wanda a ke iya toshewa. Ba ka iya dawo da uban da ya rasu, amma kana iya sanin inda yaro ke kwana.

YADDA WATA ƘASA TA TOSHE NATA

Aisilan wani tsibiri ne mai sanyi a arewacin Turai, mutanensa ba su kai rabin miliyan ba. A 1998, cikin ƴan shekara 15 da 16 na ƙasar, 17 cikin 100 sun taɓa shan wiwi, 23 cikin 100 suna shan sigari kullum. Sun ga wa'azi kaɗai bai yi magani ba, sai suka koma kan tsagogin. Aka hana ƴan shekara 13 zuwa 16 yawo bayan ƙarfe 10 na dare, in ban da lokacin zafi da a ke bari har sha biyu. Iyaye suka yi alkawari a rubuce za su riƙa zama da ƴaƴansu, su san abokansu da iyayen abokansu. Wasu iyaye suka riƙa zagaya unguwa da dare. Hukuma ta sa kuɗi a wasanni da kiɗa da sauran abubuwan yi bayan makaranta. A 2016 masu wiwi sun koma 7 cikin 100, masu sigari kullum sun koma 3.

Kuɗinsu ba mu da shi. Amma dubarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da, ɗa na kowa ne, kowane babba yana iya kora yaro gida in dare ya yi. A zamanin Seyni Kunce, bayan 1974, samariya ta riƙa tara matasa wajen aikin gayya da wasanni. Gasar kokowa ta ƙasa tun 1975 a ke yin ta, a Tawa aka fara. Filin kokowa, da langa, da ƙwallo, da shagon koyon sana'a, duk wurare ne da yaro zai kashe ƙarfinsa a gaban babba.

ABIN DA KOWA ZAI IYA FARAWA YAU

Na ɗaya, kada a ƙara aiken yaro sayen sigari ko kunna ta. Mai sha ya tashi da ƙafarsa.

Na biyu, a sa lokacin shigowa gida, kuma a ci tuwon dare tare. A bakin akushi a ke ganin idon yaro, a ji warin tufafinsa, a ji labarinsa.

Na uku, yaron da bai kai shekara 15 ba ya kwana inda babba mai hankali ke jin motsinsa.

Na huɗu, a riƙe shi a makaranta. In ya fita, a kai shi wurin mai sana'a da aka yarda da halinsa, kada a bar shi zaman banza ko na wata ɗaya.

Na biyar, a yi masa maganar wiwi tun yana shekara 9 ko 10, kafin wani ya riga ku. A faɗi gaskiya ba ƙari. In ka ce masa duk wanda ya zuƙa sau ɗaya zai haukace, gobe ya ga wanda ya sha bai haukace ba, ya daina yarda da kai.

Na shida, mai unguwa da liman da shugabannin fada su zauna su san kangaye da lungunan da a ke taruwa.

IN KUMA AN RIGA AN FARA FA?

Alamun su ne jan ido, wani wari mai kauri a tufafi, yawan dariya ba dalili, yunwa mai yawa, kasala, mantuwa, sababbin abokai da ba a kawo su gida, da ɓacewar kuɗi. Alama ɗaya ba hujja ba ce. In sun taru, a kira yaro a keɓe, lokacin da ba ya cikin maye kuma zuciyarka ta huce. A tambaye shi yaushe ya fara, wa ya ba shi, me ke damunsa. A kai shi wurin likita. In ya fara jin muryoyi, ko yana zargin kowa, ko ya daina barci, a gaggauta zuwa babban asibiti, ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa. Kada a kore shi daga gida, kada a sa masa mari. A 2019 ƴan sandan Nijeriya sun buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, har da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Iyayensu gyara suka nema, wahala aka ƙara wa ƴaƴansu.

Inna ba ta kori ɗanta ba. Ta kai shi wurin likita. Ta roƙi wanta ya karɓe shi a shagonsa na gyaran keke, yana kwana a zaurensa. Ta faɗa wa ƙanen mijinta ya daina aiken yaranta. Ta rage tuyar magariba domin ta ci tuwo da su, ko da ya ke cinikinta ya ragu. Yaron ya koma sha sau 2 da ta sani, ba ta fid da rai ba. Ƙanensa kuwa, ɗan shekara 8, kowace Alhamis ita ke buɗe littafinsa ta karanta kwanan wata da kanta.

TAMBAYOYIN TATTAUNAWA A AJI

1. Cikin tsagogi 6 da muka lissafa, wacce ta fi yawa a garinku ko unguwarku?

2. Ina yara maza ƴan shekara 10 zuwa 15 ke kwana a wurinku? Wa ke kula da su?

3. Wane abu ɗaya ajinku zai iya yi cikin wannan wata ba tare da kuɗi ba?

Malamai su rubuta amsoshin a allo, ɗalibai su kwafa, a aiko mana ta hannun ofishin yaƙi da jahilci na yankinku. Za mu karanta wasu a shiri na gaba. Ku tuna kuma ran 26 ga Yuni ita ce ranar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1987. Ajin da ya shirya taron iyaye a ranar, ya sanar da mu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu ikon riƙon amana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.